Agarata ta tsinke tsakanin Safa da Marwa

Assalamu alaikum jama'a. Ni haifaffen Makka ne, a Shara Mansur aka yanke min cibiya a 1958, kuma labarin ƙafata zan ba ku, ko Allah zai sa wani mai shekaru irina ko wanda yake da tsoho a gida ya amfana. Ku yi haƙuri da rubutun, hannuna ba ya sauri a waya.

Mu gidanmu da ƙafa muka zo ƙasar nan. Kakana ya baro ƙasar Kano zamanin Turawa da niyyar hajji, shi da kakata da jaki ɗaya, suka bi ta Barno suka ratsa Chadi suka shiga Sudan ta Janaina, inda guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago a tara a ƙara gaba. A Jazira wajen cirar auduga aka haifi babana. Shekaru suka yi a hanya kafin su kai Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Na taso na tarar da kakan nan da ransa, tsoho tukuf amma har ya koma ga Allah ban taɓa ganin an ɗauke shi zuwa Harami ba, da ƙafarsa yake sauka da ƙafarsa yake hawowa, kuma wanda ya san Makka ta da ya san gidajenmu a kan duwatsu suke, matakala ce ba iyaka. Babana kuma ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda daga bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, zuwa gidajen mutane tun kafin famfo ya wadata. Toh kaga wanda ya taso a irin wannan gida ba zai taɓa kawowa a ransa wai ƙafa aba ce da za ta iya ƙin mutum ba.

Ina saurayi na shiga aikin Harami. Na riski ƙarshen zamanin shibriya, wato gadon nan na katako da ake ɗora tsoho ko mara lafiya mutum huɗu su ɗauka a ka su yi masa ɗawafi. Da aka daina ta muka koma tura arabiya, keken guragu kenan. Da ita na yi aure, da ita na ciyar da yara har suka girma. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, bakwai ɗin ya haura kilomita 3, ga ɗawafi a bene wanda zagayensa ya fi na ƙasa nisa sosai, kuma a goman ƙarshe na azumi kana sauke wannan kana ɗaukar wancan har asuba, ba ka ma ƙirgawa. Sharaɓata a lokacin in ka danna ba ta lotsawa.

A cikin aikin nan na ga abin da sai daga baya na gane ma'anarsa. Za ka ga tsohuwa daga ƙauye, ko Bafulatana wadda ta haura saba'in, siririya, kace mata Hajiya hau in tura ki tace a'a ɗana Allah ya yi maka albarka, ta yi ɗawafinta da sa'ayinta tsaf ta koma masauki da ƙafa. Sannan ga wani Alhajin birni bai fi hamsin da biyar ba, mai ofis da direba, zagaye biyu ya nemi keke. Mu dai lokacin kuɗinmu muke karɓa, muna cewa kowa da irin jikinsa.

Ni nawa ya fara ne bayan na wuce hamsin da biyar, a hankali ta yadda ba za ka ce ga ranar da ya soma ba. Da asuba in na sauko daga gado sai in ji bayan dunduniyata ya sage, takun farko zuwa banɗaki da ɗingishi nake yi, sai na ɗan zagaya ya sake. Sai takuna ya gajarce. Uwargida ce ta fara lura, tace Malam yanzu tun daga ƙasan bene nake gane kai ne, silifas ɗinka ja yake yi a ƙasa. Na yi dariya. A wajen aiki yaran da na koya wa tura keke suka koma wuce ni, kuma hawan nan na gangaren Marwa da nake yi ba tare da na sani ba ya zama sai na kwantar da ƙirji a kan keke na turo da ƙugu. Zaman tahiya kafe ƙafar dama ya fara yi min wuya. Cikin dare jijiya ta ɗaure min a sharaɓa in tashi ina salati. Aka gwada ni aka ce suga ta kama ni. Tumbi yana fitowa ƙafa tana sirancewa, duk wanda na gaya wa sai yace tsufa ne Alhaji, sai haƙuri. Ni ma haka na ɗauka, mun saba jin haka tun daga iyayenmu.

Sai korona ta zo. A Maris na 2020 aka dakatar da umara, farkon Afrilu aka sa dokar hana fita dare da rana a Makka. Ni da ban taɓa yin sati a gida ba tun ina yaro sai gani a zaune, daga tabarma zuwa gado, shinkafa da shayi mai sukari, ina kallon Harami a talabijin babu kowa ina share hawaye. Hajjin shekarar ma mutane ƙalilan ne na cikin ƙasa suka yi. Yarana Allah ya saka musu, saboda tsoron cutar ko burodi ba sa bari in sauka in sayo, Baba zauna, Baba kai mai suga ne, Baba me kake so a kawo maka. Ko buta na miƙa hannu zan ɗauka sai wani ya riga ni. Watanni a haka.

A Oktoba aka buɗe umara ga mazauna ƙasa, sai da izini ta waya. Babban ɗana ya samo mana. Wallahi ranar ji nake kamar an sake ni daga kurkuku. Na yi ɗawafi lafiya lau duk da ina jin ƙafar ta yi nauyi, muka shiga sa'ayi, da muka iso korayen fitilun nan inda maza ke sassarfa sai na zabura kamar yadda na saba tun ina ɗan shekara ashirin. Taku kaɗan na yi na ji ɗas a bayan ƙafata ta hagu, har da ƙara. Na waiwaya da faɗa a bakina don na tabbata wani ne ya buge ni da keke ta baya, alhali lokacin tazara ake bayarwa, babu kowa kusa da ni. Na ɗaga ƙafa zan ci gaba sai ta faɗi a ƙasa ɓaɓɓake, ba ta turo ni gaba. Ɗana ya je ya samo arabiya ya ɗora ni ya ƙarasa min sa'ayin. Kaina a sunkuye har muka gama. Ba zafin ne ya dame ni ba don bai ma kai yadda za ka zata ba, abin da ke raina Allah kaɗai ya sani.

Washegari aka kai ni wajen wani mai ɗori a unguwa, ya taɓa yace ƙashi lafiya, targaɗe ne, ya murza da man zaitun ya ɗaure. Kuma abin da ke ruɗar mutane kenan, don ina iya takawa, ina jan ƙafar ina zuwa masallaci, kumburin ma ya fara saɓewa. Amma ɗage ya gagare ni sam, matakala sai da gefe, kuma in na shafa bayan idon sawuna sai in ji wani rami inda da igiya ce a miƙe. Makonni suka wuce kafin 'yata ta matsa aka tafi mustashfa, wato asibiti.

Likitan bai ɓata lokaci ba. Yace in kwanta rub da ciki ƙafafuna suna reto a bakin gado, ya matse sharaɓar dama, tafin ƙafa ya motsa da kansa, ya matse ta hagu shiru. Yace ya Hajj agararka ta tsinke. Hoto ya tabbatar. Ya nuna min wurin, 'yan santimita sama da ƙashin dunduniya, yace nan ta fi tsinkewa ga yawancin mutane don jini bai cika isa wurin sosai ba. Sai ya tambaye ni ko na sha wani magani kwanan nan, nace eh kafin umarar an rubuta min ciprofloxacin saboda ciwon fitsari. Ya girgiza kai yace wannan maganin da danginsa an san suna raunana agara, musamman ga wanda ya haura 60 ko mai shan kotizon, gargaɗin yana cikin takardar kwalin. Ga shekaru ga suga ga zaman watanni ga magani sannan ga zabura, duk sun haɗu a ƙafa ɗaya. Yace da a kwanakin farko aka zo da ana iya sa ƙafar a jibis, wato farin simintin nan na ɗaurin karaya, yatsu na kallon ƙasa ta haɗe da kanta, amma yanzu bakunan sun ja baya sun rabu, sai aiki. Kuɗin aikin 'yan uwa da abokan sana'a ne suka yi karo-karo, har da waɗanda ban zaci suna da shi ba, wannan ba zan manta ba.

Bayan aiki ne na san menene jinya. Jibis, sannan wani ƙaton takalmi mai tudu a dunduniya da ake rage masa tudun kaɗan kaɗan, ga sanduna biyu a hammata. Ɗinkin ya yi jinkirin warkewa saboda suga. Salla a kujera. Banɗakinmu na tsuguno ne, sai da aka sayo kujerar roba mai rami, kuma ɗan da ka haifa shi zai riƙe ka ya kai ka ya tsaya a bakin ƙofa. Na daina son baƙi. In an zo dubiya sai in yi kamar barci nake, don kowa maganarsa ɗaya ce, Alhaji ai ka yi aiki lokacin hutu ne ya zo. Wani ma har kyautar keken guragu ya kawo min sabo a kwali, da zuciya ɗaya ya yi, amma daren nan ban runtsa ba. Na riga na san masu hawa keken nan, da wuya ka ga wanda ya hau da sunan na ɗan lokaci ya sauka.

Ranar da aka cire takalmin na kalli ƙafar ban gane ta ba. Fata ce kawai ta rataya a ƙashi.

Wanda Allah ya yi sanadin tashina da shi wani yaro ne mai gashin ƙashi, ɗan Sudan, ina ta fama da Larabci sai naji yace Baffa ina wuni, ashe Bahaushen Mai Wurno ne. Shi ya zauna ya yi min bayani da harshenmu, abin da na yi shekara arba'in ina ci da shi ban san yadda yake aiki ba. Yace sharaɓa tsoka biyu ce, ta sama mai tudu da wata shimfiɗaɗɗiya a ƙarƙashinta, su biyun suka haɗu suka zama agara suka kama ƙashin dunduniya, kuma duk jikin mutum babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarfi. Duk takun da ka yi, lokacin da nauyinka ya hau ƙafar agara tana miƙewa, da dunduniya ta tashi sai ta koma ta cilla ka gaba, kamar danƙon harbin tsuntsu. Sabon danƙo ka ja ka saki ya yi aikinsa, wanda aka yasar a rana ya daɗe ba a taɓa ba ka zo ka fizge shi da ƙarfi sai ya tsinke. Yace idan mutum ya manyanta turin nan na idon sawu shi ne yake fara raguwa, sai jiki ya mayar da aikin wajen ƙugu da cinya, ya koma jawo ƙafa maimakon turawa, shi ya sa taku ke gajarcewa, silifas ke ja, kuma tsoho ke gajiya a tafiyar da da ba ya jinta, don hanyar ɗaya ce amma ƙarfin da yake kashewa ya ƙaru. Sannan ita sharaɓar ce ke riƙe mutum in ya yi tuntuɓe ko tangaɗi, kuma ita ke matso jini daga ƙafa ya koma sama, shi ya sa mai yawan zama ƙafarsa ke kumbura. Yana magana ina tuno gangaren Marwa, komai sai ya zauna daidai.

Yace tun daga shekara 30 tsokar mutum ke raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri, amma kwanciya ta fi shekaru ɓarna, tsoho in ya kwanta kwana 10 cur a gado yana iya rasa wajen kilo guda na tsokar ƙafa. Ya ɗauko tef ɗin tela ya auna min inda sharaɓa ta fi kauri, yace ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta yi ƙaranci, ta haguna ta faɗa ƙasa da haka, ta dama tana bakin gaɓa. Ya koya min gwajin da ba ya buƙatar tef, ka haɗa manyan yatsunka biyu da manunai biyu ka zagaye sharaɓarka, in sun haɗu har da sarari toh ka tashi tsaye. Ku gwada wa iyayenku yau ɗin nan, ba kuɗi ake biya ba.

Nace masa ɗana ni yanzu ai sai lallaɓawa, tsoka ba ta dawowa ga ɗan sittin. Yace Baffa a 1990 a Amurka an ɗauki tsofaffi 'yan shekara casa'in a gidan kula da tsofaffi aka sa su atisayen ɗaga nauyi da ƙafa sati 8, ƙarfinsu ya ninka har ya wuce, kai nawa kake. Wannan maganar ita ta shige ni.

Muka fara da abin da ko yaro zai raina. Ina zaune a kujera in ɗaga dunduniya in sauke. Roba a tafin ƙafa ina turawa. Daga baya tsaye ina dafe da bango in yi ɗage da ƙafa biyu in sauka a hankali, yace saukar a hankali ita ce maganin, agara nauyi take so amma da sannu, kuma ta fi tsoka jinkirin amsawa, wata da watanni take ɗauka. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa. Sai bakin matakala, dunduniya a waje. Akwai ranakun da na jefar da robar nace na gaji, musamman da na ga wata uku ina yi ɗage da ƙafar hagu kaɗai ko motsi. Ya kan ce ciwo kaɗan ba laifi, amma in ka kwana ka tashi ya ƙaru toh mun yi yawa mu rage. Abinci ma ya sa baki, don mu nan burodin tamis da shayi da safe, shinkafa rana shinkafa dare, yace tsoho ya fi saurayi buƙatar abin gina jiki, kamar giram 1 ko sama kaɗan ga kowane kilo na nauyinsa a rana in ƙodarsa lafiya. Na ƙara waken ful da ƙwai da laban, wato nono, da kifi, tsire in an samu. Aka auna ni aka ce bitamin D ya yi ƙasa, abin dariya a ƙasar da rana ta fi komai yawa, amma mu ai gudunta muke yi daga iyakondishan zuwa iyakondishan.

Yaƙin da ya fi wuya da 'yan gidana na yi shi. Ni a ganina, kuma ina faɗa da sanin cewa wasu ba za su ji daɗi ba, irin ladabin da muke yi wa tsofaffinmu yana daga cikin abin da ke kashe musu ƙafa. Da mutum ya yi furfura an hana shi ɗaukar buta, an hana shi zuwa kasuwa, masallacin da ke bayan gida sai an kunna mota, a kawo abinci gabansa a ɗauke kwano, kuma yaron yana yi yana neman albarka, ba za ka ce ya yi laifi ba. Ranar da na fara sauka bene ni kaɗai ɗana ya biyo ni da gudu yace Baba me mutane za su ce, a ce kana da mu kana wahala. Nace in kana son albarkata ka taka a gefena, kar ka riƙe ni sai in na ce. Ya yi fushi kwana biyu, uwarsu ce ta shiga tsakani. Keken nan na kwali kuwa na ba wata maƙwabciya da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ita ce mai buƙatarsa da gaske, kuma ban ce kowa ya guji keke ba, wanda lalura ta kwantar daban.

Ina da aboki tun na shibriya, tare muka yi zaman korona kowa a gidansa, shi agararsa ba ta tsinke ba, kawai dai bai sake tashi daga zaman ba. Na yi ta binsa mu fita ko zuwa bakin titi ne yace bar ni ƙafa ta mutu. Ya zame a banɗaki ƙashin ƙugunsa ya karye, bai yi shekara ba bayan nan muka yi masa salla a Harami. Ajali ne ba shakka, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na tuna sai inji wani abu ya tokare min ƙirji.

Yanzu ban koma tura arabiya ba, dama kekuna masu lantarki sun rage kasuwar, ina zaune a shagon ƙanina ina taya shi. Amma salloli biyar da ƙafata nake zuwa, kuma na sake yin umara a tsaye daga farko har ƙarshe, korayen fitilu dai tafiyata nake yi ba na sassarfa. Sharaɓar hagu har yau ba ta kamo ta dama ba kuma an gaya min mai yiwuwa ba za ta kamo ba, in an yi sanyi wurin ɗinkin yana min tsami. Bayan asuba muna nan mu 'yan tsofaffin unguwa a matakalar masallaci muna dafe da ƙarfe muna ɗage muna sauka, da farko samari dariya suke mana, yanzu ladan ma ya shigo.

'Yan uwa na Najeriya da Nijar da ke kirana a waya suce za su kawo mahaifiya hajji a tanadar mata mai turawa, nakan ce za a samu, amma tun da sauran watanni a fara fita da ita tana takawa safe da yamma, don daga tanti a Mina zuwa wajen jifa kaɗai tafiya ce mai nisa kuma ba ko'ina keke ke shiga cikin sauƙi ba. Wanda kuma ya ji ɗas a bayan ƙafa ya waiwaya bai ga kowa ba, ko yana iya takawa ya nufi asibiti a ranar.

Rigimar da ta rage min yanzu ta uwargida ce. Gwiwa ta sa ta koma salla a kujera, na zagaye sharaɓarta da yatsuna sun haɗu har da sarari, nace Hajiya tashi mu fara, tace ita ba za ta tsaya tana ɗage a gaban surukai ba. Mun dai daidaita a kan za ta riƙa yi a kicin tana dafe da kanta in tana jiran shayi ya tafasa, 'yar autarmu ce ke kawo min rahoto ko ta yi ko ba ta yi ba.